Harajin Fito ko Tallafi: Wanne Manomin Kano da Jigawa Zai Fi Nema Daga Gwamnati?

Duk shekarar da farashin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya karye a kasuwannin Kura, Bunkure, Gujungu da Haɗeja, magana biyu ce ke tashi a majalisun manoma. Wasu su ce a toshe iyaka, a lafta wa shinkafar waje harajin fito har sai ta gagari mai saye. Wasu kuma su ce a bar iyaka da halinta, a sauko musu da kuɗin taki da iri da man injin ban-ruwa. Idan shugabannin ƙungiya suka samu ganin kwamishina ko ɗan majalisa, sukan haɗa buƙatun biyu a takarda ɗaya kamar abu guda ake nema, alhali kuwa wanda ke biyan kuɗin kowacce daban ne, wanda ke cin moriyarta daban, ofishin da ke da ikon zartar da ita ma daban. Tun da ba kasafai ake samun duka biyun a cike ba, ya kamata manomi ya san wadda zai fi nacewa a kanta.

Lissafin da ke ƙarƙashin kowacce ba shi da wuya, kuma alƙaluman da zan kawo a nan na misali ne kawai. A ce buhun 'yar waje ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas a kan naira 50,000, buhun 'yar gida kuma sai an kashe naira 70,000 kafin ya isa kasuwa. Idan gwamnati ta ɗora harajin kashi 60 cikin 100, 'yar waje ta koma naira 80,000, 'yar gida ta samu shiga ke nan. To, amma wa ya biya? Mai cin shinkafa ne, kuma ba a kan 'yar waje kaɗai ba, domin farashin 'yar gida ma yakan hau ya kusanci na abokiyar takararta. Ƙarin da aka yi wa 'yar waje yana shiga baitulmali, ƙarin da ya hau kan 'yar gida kuwa yana rabuwa tsakanin mai injin casa, dillali, mai sito da manomi. Idan kuma ta hanyar tallafi aka bi, gwamnati ce za ta ɗauke naira 20,000 daga cikin kuɗin da ake kashewa wajen noma da gyara, 'yar gida ta sauko naira 50,000, mai saye bai ga canji a kasuwa ba, amma baitulmali ya ji a jikinsa.

Wannan ne ya sa yawancin masana tattalin arziki suka fi karkata ga tallafi idan abin da ake so shi ne a ƙara yawan abin da ake nomawa a gida: ana cim ma buƙata ba tare da an tsawwala wa mai ci ba, kuma kuɗin da aka kashe yana rubuce a kasafi, kowa na iya tambayar inda ya shiga. Wannan dalilin ne kuma ya sa gwamnatoci suka fi son haraji. Haraji yana kawo kuɗi maimakon ya fitar, ba ya buƙatar rajistar manoma ko motocin dakon taki, sa hannun minista da takardar umarni ga hukumar kwastam sun wadatar, sannan nauyinsa yana warwatsuwa a kan miliyoyin tukwane ta yadda ba wanda zai iya nuna shi da yatsa.

Tarihin shinkafa a Najeriya kusan tarihin gwaji ne da harajin fito da 'yan uwansa. An haramta shigo da ita a 1985, aka ɗage haramcin a 1995. A farkon 2013 aka kai harajinta kashi 110 cikin 100, abin da ya biyo baya kuma bai ɓoyu ga kowa ba: jiragen ruwa suka karkata zuwa Kwatano, Jamhuriyar Benin ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, duk da cewa turararriyar shinkafar da ake saukewa a can ba ita mutanen ƙasar suka saba ci ba. Daga nan buhuna su bi ta iyakar yammacin Najeriya zuwa Legas, ko su haura Nijar su faɗo ta Jibiya, Ɓaɓura da Maigatari a kan babura da tsofaffin motoci. A 2014 gwamnati ta sassauta, ta mayar da harajin kashi 30 ga kamfanonin da ke da injin casa a gida, kashi 70 ga 'yan kasuwa zalla. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya cire kayayyaki 41, ciki har da shinkafa, daga jerin waɗanda za a ba su dala a farashin gwamnati. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe.

Rashin adalci ne a ce wannan kariya ba ta haifar da komai ba. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Zariya kafin 2015 ya kuma sake binta bayan 'yan shekaru ya ga yadda injinan casa suka yawaita, manya da ƙanana. Matan da ke turara shinkafa a Kura suka samu ciniki, samarin da suka saba tafiya cirani da rani suka tsaya a fadama, kuma gasa tsakanin masu injin ta sa tsakuwar da ta ɓata wa 'yar gida suna ta ragu ƙwarai. Mai kuɗi ba ya kafa injin miliyoyin naira sai ya ga alamar kasuwa, kuma haraji ya ba shi wannan alamar cikin gaggawar da tallafi ba zai iya ba.

Sai dai idan aka shiga cikin ƙauye aka duba wanda ƙarin farashin ya isa hannunsa, lamarin yakan sauya kama. A duba manomi mai kadada ɗaya a yankin Kadawa ranar da ake bugun shinkafarsa. Kafin a gama ɗinke buhuna, wanda ya ba shi taki bashi yana tsaye a bakin gona, mai maganin feshi ya aiko yaronsa, masu yanka da masu bugu suna jiran sallama, mai kurar shanun da zai fitar da kaya zuwa titi shi ma ba ya ɗaukar alkawari. Dole ya sayar a ranar, a lokacin da kowa ke sayarwa, wato lokacin da farashi ya fi kowane lokaci faɗuwa. Wanda ya saya ya jibge a sito shi ne zai ga farashin bazara. Manomin nan kuwa idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, da kwano zai koma kasuwa ya auno gero ko masara, waɗanda su ma tsadar shinkafa takan ja su sama, domin mutane kan koma kansu idan shinkafa ta gagara. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: duk lokacin da shanshera ta yi daraja shekara biyu a jere, kuɗin hayar gona a bakin kanal yakan tashi, ta yadda wani kaso na ribar yake komawa ga mai fili, ba ga mai noma ba. Ɗan ƙwadago, malamin firamare, makiyayi da gwauruwa mai marayu kuwa ba su da buhun sayarwa ko ɗaya, nasu biya ne kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rufe iyaka ma ba shinkafa kaɗai ya tare ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da cinikin hatsin Dawanau sun dogara da zirga-zirga tsakaninmu da Nijar, kuma manomin da ke murnar an hana 'yar waje shigowa sau da yawa shi ne mai neman ragon layya ko mai son a fitar masa da kayansa zuwa Damagaram da Maraɗi.

Babban raunin haraji a wurin manomi, a ganina, shi ne yadda ake janye shi a daidai lokacin da ya saki jiki da shi. A watan Oktoban 2023 Babban Banki ya ɗage takunkumin dala da ya sa wa waɗancan kayayyaki. A tsakiyar 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yuli cewa ta dakatar da harajin masara, alkama, wake da shinkafar da aka ɓare amma ba a goge ba, na tsawon kwana 150, makonni kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta wadda Kano ta ɗanɗana kuɗarta. A ƙarshen wannan shekarar kuma Indiya, wadda ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya, ta sassauta takunkumin da ta sa wa fitar da shinkafarta tun 2023, farashin duniya ya sauko. Da waɗannan suka haɗu, shanshera ta faɗi a 2025 alhali taki da fetur suna nan inda suke. Wanda ya ci bashi ya shuka da lissafin tsohon farashi shi ya kwana a ciki. Ba na ganin laifin gwamnati don ta ji tsoron yunwar birni, kowace gwamnati haka za ta yi. Ingila ma ta soke dokokin da ke kare hatsinta a 1846 bayan shekara 31, da matsin masu cin burodi da yunwar Ailan suka rinjayi masu gonaki. Abin lura shi ne, kariyar da aka gina a kan tsadar abinci ba ta da tabbas, domin masu ci sun fi masu sayarwa yawa a ranar zaɓe.

Akwai kuma kayan da haraji ba ya iya yi musu komai. An haramta shigo da alkama a 1987, aka ɗage a 1992 ba tare da an kai ko kusa da wadatar da ƙasa ba. Alkama tana son sanyin hunturu, dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, idan aka makara zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Dokar kwastam ba ta tsawaita hunturu. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Najeriya daga waje take zuwa, saboda haka duk harajin da aka ƙara mata, kafin ya amfani manomin Ringim ko Auyo guda ɗaya, ya riga ya hau kan burodi, taliya da gurasar gidaje masu yawa.

Tumatir ya fi kowa fito da wannan darasi a fili, kuma a gabanmu aka yi. An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. A 2017 gwamnati ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi a durom-durom daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100, ta ƙara da dala 1,500 a kan kowane tan. Kariya ta samu, amma masana'antar ta ci gaba da buɗewa da rufewa, domin matsalarta ta ɗanyen kaya ce. Abin da kadada ke bayarwa kaɗan ne, kuma in ban da 'yan makonnin da kwanduna ke ambaliya a Kwanar Gafan har a rasa mai saye, kasuwar ɗanyen tumatir da ake lodawa zuwa kudu ta fi masana'anta biya. Haraji ya hana na waje sauƙin shigowa, amma bai ƙara kwando ɗaya a gona ba. Haka masaƙun Bompai, Sharaɗa da Challawa suka ga haramci iri-iri a kan yadin waje, amma rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai suka durƙusar da su, Kantin Kwari kuma ya cika da atamfar Sin.

To, tallafi fa? A takarda ya fi kyau, a ƙasa kuma tarihinsa bai fi na haraji tsabta ba. Shekaru da dama gwamnati ce ke sayen taki ta raba, kuma duk wanda ya girma a karkara ya san yadda rabon yake. Tirela takan iso sakatariya bayan lokacin zuba taki na biyu ya wuce, a raba ta mazaɓa-mazaɓa ta hannun 'yan siyasa, buhu ɗaya ya faɗo wa mutum da yawa a kasa shi da kwano a ƙofar gidan mai unguwa, washegari kuma a ga irin buhunan nan masu tambarin gwamnati jere a shagon ɗan kasuwa a farashin kasuwa. Dakta Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan gona, ya sha faɗin cewa kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke isa gare su a tsohon tsarin. Shi ya sa a 2012 aka ɓullo da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar salula, ya je wurin dilan taki ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin ya rage yawan hannayen da ke tsakani, amma ya gamu da rashin sabis a ƙauyuka, da sunayen da ba su fito a rajista ba, da bashin da dilolin suka riƙa bin gwamnati, kuma buhu biyu ba sa isar kadadar shinkafa.

Shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016, wanda gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya jagoranci kwamitinsa, ya bi wata hanya dabam. Maimakon a raba buhu, sai aka ƙulla yarjejeniya da Maroko a kan sinadarin fosfet, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki na cikin gida, aka tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Wannan ya fi kusa da abin da ake nufi da manufar raya masana'antu, domin ya taɓa farashin da kowa ke saye, ba sai mai hanya ba. Amma da darajar naira ta zube, farashin kayan haɗin ya tashi a duniya, wancan farashi ya zama labari.

Mafi girman gwaji shi ne shirin rancen manoma na Babban Banki da aka fi sani da Anko Borowa, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. An fitar da sama da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 ne kawai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce an biya kusan kashi 52. Ko da alƙaluman bankin aka ɗauka, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin. Wasu ambaliya ce ta cinye su, wasu kayan ne suka iso musu a makare, wasu sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu kuma ba su taɓa riƙe fartanya ba. Rance mai rangwame da ba a biya ya koma kyauta, kuma kyautar da ake rabawa ta hanyar jerin sunaye takan tafi ga wanda ya san mai rubuta jerin.

Tallafi ma yana ƙetare iyaka, sai dai ta ɗaya fuskar. Yadda haraji mai yawa ke jawo shinkafa ta shigo ta daji, haka tallafi mai yawa ke tura kaya su fita ta daji, kamar yadda fetur mai rahusa ya riƙa malala zuwa Nijar da Benin shekara da shekaru. Kuma shi ma ana iya janye shi dare ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da ƙarshen tallafin fetur, kuma cikin waɗanda abin ya fi duka har da mai noman rani da ke tayar da injin ban-ruwa a bakin kogin Haɗeja. Ƙasashen waje ma sun ƙone hannu: Tailan ta shiga sayen shinkafar manomanta sama da farashin kasuwa daga 2011, rumbunan gwamnati suka cika da shinkafar da ba ta sayuwa sai da asara, a 2012 ta rasa matsayinta na ƙasar da ta fi kowa fitar da shinkafa.

Duk da haka akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da ke hana ni cewa a yi watsi da haraji gaba ɗaya. Arahar shinkafar waje ba ƙwarewa ce zalla ba. Manomin Indiya yana samun taki mai rangwame, a wasu jihohin wutar da yake jan ruwa da ita kusan kyauta ce, gwamnati kuma tana sayen amfaninsa a kan farashin da ta tsayar. Tun a 2003 ƙasashen Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kuka gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya cewa tallafin da Amurka ke ba masu noman audugarta yana karya nasu manoman. Da Amurka ta ɗora wa kayan Sin haraji a 2018, Sin ta rama a kan waken suya, sai gwamnatin Amurka ta ware kimanin dala biliyan 28 cikin shekara biyu don rage wa manomanta asara. Najeriya, wadda har yau ba ta cika alkawarin Maputo na 2003 ba, wato ware kashi 10 cikin 100 na kasafi ga noma, ba za ta iya gasar zuba kuɗi da irin waɗannan ba. Haraji matsakaici shi ne abin da talakar ƙasa ke iya tare wannan da shi ba tare da ta ciro kuɗin da ba ta da su ba.

Amma akwai nau'in tallafin da ba a cika kiransa tallafi ba, kuma shi ne ya fi kowanne daɗewa yana aiki a ƙasar Kano. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita ce ta mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam abin da suke a yau. Sama da shekara 50 ke nan ruwanta na bin kanal yana shiga gonaki ba tare da an tambayi mai gona jam'iyyarsa ba, kuma ba wanda ya taɓa loda kanal a mota ya kai kasuwa. Ba don wannan ruwan ba, da harajin 2013 da rufe iyakar 2019 ba su tarar da shinkafar da za su kare ba. Irin Faro 44 da ya cika fadamunmu aikin cibiyoyin bincike ne, haka irin alkama mai jure zafi da ake ta ƙoƙarin samarwa. Gyaran kanal-kanal na Kadawa da na kwarin Haɗeja da aka yi da rancen Bankin Duniya, share kachalla da ke toshe hanyar ruwa tana haddasa ambaliya irin ta 2022, feshin tsuntsayen jan-baki kafin su sauka, hanyar da za ta fitar da kwando daga gona kafin tumatir ya ruɓe, wutar da za ta sa ƙaramin injin casa ya daina shan gas: duk waɗannan suna rage abin da ake kashewa a kan kowane buhu, kuma ragin yana nan ko an buɗe iyaka ko an rufe. Aibinsu a wurin ɗan siyasa shi ne ba sa nuna sakamako kafin zaɓe mai zuwa, kuma ba a ɗaukar hoto da su kamar dalar shinkafar da aka jera a Abuja a watan Janairun 2022.

Ko haraji ko tallafi, abin da ya raba ƙasashen da suka ci nasara da waɗanda suka yi asara shi ne sharaɗi. Koriya ta Kudu a zamanin Park Chung-hee ta ba kamfanoninta rance mai rahusa da kariya, amma ta ɗaure su da adadin kayan da za su sayar a kasuwar duniya, wanda ya kasa a janye masa. A nan gida, manufar siminti ta 2002 ta ce ba za a ba kamfani lasisin shigo da siminti ba sai yana gina masana'anta a ƙasa, kuma masana'antun sun ginu har ƙasar ta wadatu. Sai dai da yake kamfanonin 'yan kaɗan ne, mai ginin ɗaki biyu a Gezawa bai ga arahar da aka yi masa alkawari ba. Sharaɗi yana kawo masana'anta, amma idan ba gasa, kariyar takan zama ribar mutum uku ko huɗu.

Daga nan zaɓin ya fara fitowa, kuma tsarin mulki ma ya taimaka wajen raba shi. Harajin kwastam na gwamnatin tarayya ne kaɗai, ita ma hannunta ba a sake yake ba, tun da akwai harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar daga sifili zuwa kashi 35 cikin 100, ga kuma yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka da Najeriya ta sa wa hannu a 2019. Gwamnan Kano ko na Jigawa ba shi da ikon ƙara ko kwabo a kan buhun da ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Saboda haka ƙungiyar manoma da ta samu zama da gwamnatin jiha ta ɓata lokacinta a kan batun iyaka ta yi asarar zaman. Abin da za ta nema a Dutse ko Kano shi ne ruwa, hanya, sito da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, sannan idan za a yi rangwamen taki da iri, kamar rabin kuɗin da aka yi wa masu noman alkama a shirin da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023 da rancen Bankin Raya Ƙasashen Afirka, to a sa ranar isowar kaya a cikin yarjejeniya, domin irin alkamar da ya iso a watan Janairu ba shi da amfani ko kyauta aka bayar. Dokokin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ma sun bar wa ƙasashe masu tasowa damar tallafa wa ƙananan manoma da kayan noma, don haka ba wata yarjejeniya da za a fake da ita a nan.

A wajen Abuja kuwa, abin da ya fi dacewa a nema ba haraji mafi tsanani ba ne, haraji mai tabbas ne. A kan gyararriyar shinkafa, a tsayar da adadin da bai kai ya sa fasa-ƙwauri ya zama sana'a mai riba ba, a sanar da shi na shekaru masu zuwa, a kuma faɗi yadda zai riƙa raguwa yayin da amfanin kadada ke ƙaruwa, don mai kafa injin da mai hayar gona su yi lissafi a kan abin da suka sani. A kan alkama, haraji mai yawa cutarwarsa ta fi amfaninsa a halin da ake ciki, kuɗin bincike da na ban-ruwa sun fi mata. A kan injin ban-ruwa, farantan sola da kayan gyaran tarakta, a cire haraji gaba ɗaya, domin ba ma'ana a kare manomi ta gaba a tatse shi ta baya. Idan kuma yunwa ta tilasta a buɗe ƙofa, a buɗe ta da bazara a rufe kafin kaka, kuma a buɗe wa kowa, ba a ba wasu 'yan kamfanoni takardar yafe haraji a ɓoye ba.

Ba duk manoma ne za su yarda da wannan ba, kuma dalilinsu a fili yake. Mai kadada 50 da sito da motar kansa, wanda zai iya riƙe shansherarsa har watan Yuni, haraji mai tsanani ya fi masa komai, domin shi mai sayarwa ne zalla. Mai kadada ɗaya da iyali goma rabinsa mai sayarwa ne, rabinsa mai saye. Sau da yawa kuma na farkon ne ke shugabantar ƙungiya, shi ke rubuta takardar buƙatu, shi ke magana a rediyo da sunan kowa. Kafin a sa hannu a takarda ta gaba, ya dace ƙananan manoma su nemi a karanta musu ita a bainar jama'a, su ga ko gyaran kanal da ranar isowar taki suna sama, ko kuwa an tura su ƙasan shafi bayan batun rufe iyaka.